Agogon teku da hannuwan da suka ƙera shi

Shekara 300 da suka wuce, matuƙin jirgin ruwa in tudu ya ɓace masa, rabin inda yake kawai ya sani. Gane ko ya yi arewa ko ya yi kudu ba abin tashin hankali ba ne. Da tsakar rana ya auna tsayin rana daga inda sama ta haɗu da ruwa, ko da dare ya auna tauraron arewa, ya duba jadawali, lissafi ya fito. Inda gizo ke saƙar shi ne gabas da yamma. Ta wannan fuskar duniya ke juyawa, don haka babu wata alama a sama da ke tsaye wuri guda ta jira a auna ta. Abin da matuƙa ke yi shi ne kintace. A jefa ɗan katako a ruwa ɗaure da igiya mai ƙulle-ƙulle, a ƙidaya ƙullin da ya zare kafin rairayin ɗan agogon gilashi ya tsiyaye, a san gudun jirgi, a duba kamfas, a rubuta. Iska ta karkatar da jirgi, igiyar ruwa ta ja shi ta ƙasa ba wanda ya sani, kuskuren yau ya hau kan na jiya. Bayan sati shida a teku, mutum na iya rantsuwa saura tafiyar kwana biyu ya isa gaɓa, alhali dutse na gabansa cikin duhu.

Maganin a takarda mai sauƙi ne, kuma duk mai azumi a arewacin Najeriya ya san tushensa. Mutumin Maiduguri yana shan ruwa kusan rabin awa kafin na Sakkwato, domin tsakanin garuruwan biyu akwai kusan digiri 8, duniya kuwa tana juya digiri 1 a kowane minti 4, wato digiri 15 a awa guda. To, juya lissafin. In kana tsakiyar teku ka auna rana ka tabbatar ƙarfe 12 ta yi a inda kake, sannan kana da agogon da ke riƙe da lokacin tashar da ka baro, ya nuna ƙarfe 2, ka san kana yamma da gida da digiri 30. Tun a 1530 wani masani mai suna Gemma Frisius ya faɗi wannan. Abin da babu shi ne agogon.

Dubi irin daidaiton da ake nema. A kan layin da ya raba duniya arewa da kudu, kuskuren sakan 4 a agogo daidai yake da kuskuren mil 1 na teku, kusan kilomita 2. Agogon aljihu na wancan zamani kuwa yana iya yin gaba ko baya da mintoci a yini ɗaya. Agogon da ke riƙe lokaci sosai shi ne mai lilo, wanda Christiaan Huygens na Holan ya ƙera a 1656, amma lilo yana son ƙasa mai natsuwa, jirgi kuwa tangaɗi yake dare da rana. Ga zafi da sanyi: ƙarfe na miƙewa da zafi, ya tsuke da sanyi, jirgin da ya taso daga hunturun Ingila ya shiga zafin Karibiyan ya sauya wa agogo hali gaba ɗaya. Ga man da ake ɗiga wa haƙoran agogo, wanda ke daskarewa ko ya bushe. Ga gishirin iska mai kawo tsatsa. Isaac Newton da kansa ya shaida wa majalisar dokokin Birtaniya cewa dabarar agogo daidai ce, amma saboda irin waɗannan dalilai ba a ƙera mai iya aikin ba tukuna.

A daren 22 ga Oktoba 1707 jiragen yaƙin Birtaniya 4 ƙarƙashin Sir Cloudesley Shovell suka afka wa duwatsun tsibiran Scilly, mutum fiye da 1,400 suka halaka, har da shi kansa. Masana tarihi na yau suna cewa rashin kyan taswira da kamfas, da kuskuren lissafin arewa da kudu, duk suna da hannu a hatsarin. Ko ma dai mene ne, ya girgiza ƙasar. A 1714 majalisa ta yi doka ta sa lada: fam 10,000 ga wanda ya iya gano matsayin jirgi da kuskuren da bai wuce digiri 1 ba, fam 15,000 in bai wuce kashi biyu cikin uku na digiri ba, fam 20,000 in bai wuce rabin digiri ba. Za a yi gwajin ne a tafiya daga Birtaniya zuwa tsibiran Karibiyan. Ba banza aka zaɓi wannan hanya ba. Can ne gonakin rake suke, waɗanda bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ke nomawa, kuma dukiyar da ake tsoron ta nutse kenan. Rabin digiri minti 2 ne na lokaci. A tafiyar sati shida, agogo bai da damar kuskure fiye da sakan 3 a yini.

Wanda ya ɗauki wannan kaya kafinta ne. An haifi John Harrison a 1693 a Yorkshire, ya tashi a ƙauyen Barrow upon Humber, bai taɓa zama yaron shagon wani mai gyaran agogo ba. Agogonsa na farko, na 1713, haƙoransa na katako ne. Wanda ya yi wa gidan Brocklesby Park wajen 1722 har yanzu yana aiki, kuma ba ya bukatar mai, domin wuraren da ke gogayya ya yi su ne da wani icce na ƙasashen zafi mai tsattsafo da maiƙonsa da kansa. Wanda ya saba da icce ne kaɗai wannan zai faɗo masa a rai. Shi ne kuma ya haɗa sandunan tagulla da na baƙin ƙarfe a lilon agogo, yadda miƙewar wannan za ta soke miƙewar wancan, lilon ya zauna a tsawonsa ko da zafi ko da sanyi.

Wajen 1730 ya je Landan, ya ga masanin taurari Edmond Halley, shi kuma ya tura shi wurin George Graham, babban mai ƙera agogo na lokacin, wanda ya ba shi rance. Bayan shekara biyar ya fito da na'urar da yau ake kira H1, mai nauyin kusan kilo 34, da sanduna biyu masu lilo suna fuskantar juna, ta yadda duk abin da tangaɗin jirgi ya yi wa ɗaya, ɗayan zai rama. A 1736 aka tura shi Lisbon da ita. A hanyar dawowa matuƙin jirgin ya hango tudu ya ce wuri kaza ne, Harrison ya duba agogonsa ya ce a'a, suna yamma da nan da kusan mil 60. Shi ke da gaskiya. Amma maimakon ya nemi gwajin Karibiyan, sai ya ce shi bai gamsu ba, a ba shi kuɗi ya yi wanda ya fi. Ya yi na biyu, ya gano masa aibi. Na uku ya cinye masa shekara 19, bai kuma ba shi abin da yake so ba, ko da yake a cikinsa ne ya ƙirƙiro ɓallin ƙarfe biyu manne da juna mai lanƙwashewa da zafi, dabarar da har gobe ake amfani da ita a kayan lantarki masu kashe kansu in sun yi zafi.

Sai ya juya baya ga manyan na'urori gaba ɗaya. H4, wanda ya kammala a 1759, agogon aljihu ne da ya yi girma: faɗinsa santimita 13, nauyinsa kusan kilo 1 da rabi. Ya fahimci cewa ƙaramin wili mai lilo da sauri da ƙarfi, bugu 5 a sakan, ya fi ƙarfin tangaɗin jirgi. A ƙarshen 1761 ɗansa William ya tafi da shi Jamaika, bayan kwana 81 aka lissafa kuskurensa sakan 5 da ɗan ɗoriya. A 1764 aka sake gwaji zuwa Barbados, kuskuren ya tsaya a sakan 39, kusan mil 10, alhali doka ta yarda da 30.

Daga nan labarin da aka saba bayarwa shi ne na zalunci: talaka ɗan ƙauye ya ci gasa, manyan masana taurari suka hana shi haƙƙinsa, musamman Nevil Maskelyne, wanda ya zama babban masanin taurari na sarki a 1765 kuma yake da tasa hanyar ta auna nisan wata daga taurari. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. An wahalar da tsohon, an sauya masa sharuɗɗa, an ba shi rabin ladan a 1765 bisa sharaɗin ya kwance agogon gaban shaidu ya kuma miƙa duk na'urorinsa. Sai da Sarki George na Uku ya gwada H5, agogon teku na biyar da Harrison ya ƙera, da kansa a 1772, sannan majalisa ta ba shi fam 8,750 a 1773, yana ɗan shekara 80. Ya rasu a 1776.

Amma a ganina tambayar da hukumar da aka ɗora wa alhakin ba da ladan ta riƙa yi tambaya ce ta masu hankali. Dokar ta ce dabarar ta zama mai yiwuwa kuma mai amfani a teku. Agogo guda ɗaya tal, wanda mutum ɗaya a duniya ya san cikinsa, jirgi nawa zai cece? An ba Larcum Kendall aikin kwaikwayon H4, ya shafe fiye da shekara biyu, aka biya shi fam 450. Kwaikwayon ya yi kyau ƙwarai, Kyaftin James Cook ya zaga tekun Fasifik da shi daga 1772 zuwa 1775 yana yabonsa. Sai dai Kendall da bakinsa ya faɗa wa hukumar cewa irin wannan agogo ba zai yi araha nan kusa ba. Hanyar Maskelyne kuwa, duk da wahalar lissafinta, na'urar awo ce da littafin jadawali da ya fara fitarwa na shekarar 1767, kowane jirgi na iya saye. Harrison ya tabbatar wa duniya cewa abin mai yiwuwa ne, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Amma agogon da ya cika jiragen duniya ba tsarinsa ya bi ba.

Tsarin ya fito ne daga wasu mutum uku. A Faransa, Pierre Le Roy ya kammala nasa agogon teku a 1766, da tunanin da ya zama ginshiƙi: a bar wilin lilo ya yi ta kai-komo shi kaɗai, kada sauran injin ya taɓa shi sai na ɗan ƙiftawar ido, kuma a sa maganin zafi da sanyi a jikin wilin kansa. A Landan, John Arnold da Thomas Earnshaw suka mayar da wannan tunani abin da za a iya ƙerawa da yawa. Arnold ya kawo sifirin mai naɗin tsaye, ya yi masa rajista a 1775. Wajen 1782 su biyun suka fito da makullin sifirin mai sakin haƙori ɗaya-ɗaya, kowa na cewa shi ya riga, ɗayan sata ya yi. Earnshaw mutum ne mai zafin baki, kuma rigimar ba ta mutu ba ko bayan rasuwar Arnold a 1799. A 1805 hukumar ta raba gardama ta saka wa ɓangarorin biyu, Earnshaw da ɗan Arnold. Kasuwa ce ta yanke hukuncin gaske: samfurin Earnshaw ya fi sauƙin ƙerawa, shi aka bi har tsakiyar ƙarni na 20, farashi kuma ya faɗo ƙasa da fam 100.

Yanzu a buɗe akwatin a ga abin da ke ciki. Akwati ne na jan katako mai hawa uku, kusurwoyinsa ɗaure da tagulla. Murfin sama in an ɗaga akwai gilashi, ana karanta lokaci ba tare da iska ta shiga ba. Agogon yana zaune cikin kwanon tagulla mai nauyin gindi, rataye a zobe mai juyawa ta fuska biyu, don haka ko jirgi ya kwanta dama ko hagu, fuskar agogon tana kallon sama. A fuskar akwai ɗan ƙaramin hannu da ke nuna awa nawa suka wuce tun da aka wana shi. Yawancinsu awa 56 suke ɗauka, amma kullum ake wanawa, a lokaci ɗaya, ta ramin da ke ƙasan kwanon.

Babban sifirin da ke tuƙa agogo yana da ƙarfi in an wana shi sabo, ya raunana yana warwarewa. Don a daidaita wannan, akwai wani dunƙulen tagulla mai faɗin gindi da tsinin kai, da siririyar sarƙa naɗe a jikinsa. Lokacin da sifirin ke da ƙarfi, sarƙar tana ja ne ta tsinin, inda jan ke da wuya. Yana raunana tana gangarowa zuwa gindin, inda jan ke da sauƙi. Ƙarfin da ke isa ga haƙora sai ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe. Akwai kuma wani ɗan sifirin da ke riƙe tafiyar agogon yayin da ake wanawa don kada ya tsaya, kuma wannan kam gadon Harrison ne.

Makullin shi ne zuciyar aikin. Siririn tsinken ƙarfe ne da aka goge gindinsa har ya zama sifirin, ɗauke da ɗan dutsen yakutu da ke tare haƙorin wili. Wilin lilo in ya zo wucewa ta fuska ɗaya sai ya ture tsinken, haƙori ɗaya ya kuɓuce, ya ba wilin ɗan turi, yakutun ya koma ya tare haƙori na gaba. In yana dawowa kuwa, wani siririn ɓallin zinariya ne kawai yake kaucewa ya ba shi hanya, ba abin da ya motsa. Shi ya sa hannun sakan na irin wannan agogo ke tsalle sau biyu a sakan, da ƙara mai kaifi da matuƙi ke iya ƙidayawa da kunne. Haƙoran ba sa bukatar mai a wannan wuri, wato an kauce wa babban abokin gaba. Rauninsa shi ne girgiza: bugu ɗaya na iya sa ya tsallake haƙori ko ya tsaya cak, shi ya sa bai dace da agogon hannu ba.

Shi kuma wilin lilo, bakinsa ƙarfe biyu ne a manne, tagulla a waje, baƙin ƙarfe a ciki, an yanke shi wuri biyu, da 'yan nauyi a jikinsa. Zafi yana sa sifirin ɗinsa ya yi laushi, agogo ya yi baya, kusan sakan 10 a yini kan kowane digiri ɗaya na zafi in ba a yi magani ba. Amma zafin nan dai yana sa tagulla ta fi baƙin ƙarfe miƙewa, bakin wilin ya lanƙwasa ciki, nauyin ya matso tsakiya, wilin ya ƙara sauri. Ciwo da magani daga tushe ɗaya. Gano daidai inda za a ajiye kowane nauyi shi ne aikin da ke cin watanni: a sa agogo a ɗakin zafi, a sa shi a sanyi, a rubuta, a matsa nauyi kaɗan, a sake.

To wa ke yin duk wannan? Sunan da ke rubuce a fuskar agogo sau da yawa na mai shago ne, wani ma mai sayar da kayan jirgi ne kawai a Liverpool ko Glasgow. Gangar jikin injin, faranti da ginshiƙai da haƙora, daga Prescot take zuwa, wani gari a Lancashire inda iyalai ke aiki a 'yan shaguna a bayan gidajensu. Sarƙar nan siririya a Christchurch ake haɗa ta, a kudancin Ingila, inda Robert Cox ya fara sana'ar wajen 1790, kuma mata da yara ne ke yin ta, har da 'yan matan gidan marasa galihu, suna ƙulla gaɓoɓin da ido ke gani da ƙyar. A unguwar Clerkenwell ta Landan akwai mai yin makulli shi kaɗai, mai huda duwatsun yakutu, mai naɗa sifirin, mai zana fuska, mai yin kwano, kafintan akwati. Kowa da ɓangarensa, wani ya shekara 40 yana yin abu ɗaya. Mai daidaitawa na ƙarshe shi ne babba a cikinsu, kuma a hannunsa ake gane gida mai suna. Victor Kullberg, ɗan Suwidin da ya zauna a Landan, ya yi suna a gwaje-gwajen da cibiyar taurari ta Greenwich ke yi wa agogunan da sojan ruwa za su saya, amma agogunansa da yawa sun fita da sunan wasu. Haka ma gidan Thomas Mercer, wanda ya fara a 1858 ya koma St Albans, ya ƙera dubbai.

A cikin jirgi, abin da ake nema ga agogon ba wai ya nuna lokaci daidai ba ne. Halinsa ake so ya zama ɗaya. Agogon da ke yin gaba da sakan 2 kowace rana ba fashi ya fi wanda yau ya yi daidai, gobe ya yi baya da sakan 1, jibi ya yi gaba. Kafin a tashi ana auna halinsa a rubuta, sauran lissafi ne. Ba a taɓa hannuwansa a teku ko kaɗan. Jirgi mai hali yana ɗaukar uku, domin in biyu ne suka saɓa ba ka san wanne ya yi ƙarya ba. Jirgin Beagle, wanda ya ɗauki Charles Darwin daga 1831 zuwa 1836, agogo 22 ya tafi da su. Kyaftin Robert FitzRoy ya ajiye su kan garin katako a wani ɗaki a ƙasan jirgin, ya ɗauki mutum guda da kuɗinsa don kula da su. Da suka zagaye duniya aka haɗa awon da suka yi tasha bayan tasha, ya saɓa wa awa 24 da sakan 33 kacal. Don jiragen da ke kogin Thames su gwada agogunansu, tun 1833 ake sako wata ƙwallo daga saman ginin Greenwich da ƙarfe 1 na rana daidai. Da yake yawancin taswirorin teku da Greenwich suke lissafi, taron Washington na 1884 ya amince da layinta a matsayin mafarin auna gabas da yamma, layin da ya ratsa Tema a Ghana.

Sauran tarihin gajere ne. Charles Édouard Guillaume ya gano gaurayen ƙarfe da nikel da zafi bai cika damunsa ba, ya sami kyautar Nobel a 1920. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Amurka ta kasa samun isassun agoguna daga Turai, kamfanin Hamilton na Lancaster a Pennsylvania ya shiga ƙera su da inji daga 1942, da sassan da ake iya musanyawa, ya ba sojan ruwa kusan 9,000 kafin yaƙi ya ƙare. Rediyo ya riga ya fara aika lokaci zuwa teku, agogon batir ya biyo baya, sannan GPS. Mercer ya rufe masana'antarsa a 1984.

Na'urorin Harrison kansu sun kusa lalacewa a ajiya. Rupert Gould, tsohon hafsan sojan ruwa, ya same su cikin tsatsa a 1920, ya shafe shekara 13 yana gyara su ba ko sisi. Uku na farko suna aiki a Greenwich, H4 kuwa galibi a tsaye ake barinsa, domin yana bukatar mai kuma tafiya na cinye shi.

Tsofaffin agogunan teku da ke yawo a kasuwar gwanjo yau, masu saye lamba suke fara dubawa: ta fuska, ta inji, ta kwano da ta akwati su zo ɗaya, domin an sha haɗa injin wannan da akwatin wancan. Wanda ke da tambarin kibiya na gwamnatin Birtaniya ana iya bin tarihinsa a kundin da Greenwich ta ajiye, jirgi bayan jirgi, gyara bayan gyara. Sai makullin, ko na asali ne ko an sauya, domin shi ya fi saurin karyewa, kuma masu iya goge sabo da magagari sun yi ƙaranci. Shi ya sa kafin a ɗauki irin wannan agogo zuwa wani wuri ake kulle zoben da yake rataye a kai, a kuma cusa 'yan guntayen toshiyar kwalba biyu ƙarƙashin bakin wilin lilo, don kada ya motsa a hanya ya fasa yakutun.